Tambaya da Amsa: Daga ina saniya da tunkiya ke samo furotin ɗin madara da ulu?

Wasiƙun da muka ware domin wannan fitowa duk abu guda suka zagaye, ko da yake masu aiko su ba su san juna ba, wato yadda dabbobi masu tuƙa, irin su shanu da tumaki da awaki, ke mayar da ciyawa ta zama madara da ulu. Mun taƙaita wasu daga cikin tambayoyin saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce, kuma a aji an koya mana cewa akwai wasu amino asid da jikin dabba ba ya iya haɗawa da kansa, sai dai ta same su a cikin abinci. To, ga saniya ciyawa kawai take ci, wani lokacin ma busasshiya, amma madararta cike take da furotin mai kyau. Shin littafinmu ne ya yi kuskure, ko kuwa saniya ce ta fita daban?

AMSA: Malama, littafinku bai yi kuskure ba, saniya ma ba ta fita daban ba. Hantarta da tsokarta da hantsarta duk ba sa iya haɗa waɗannan amino asid ɗin, kamar dai yadda namu jikin ba ya iyawa. Abin da ya raba ta da mu shi ne tana da masu yi mata wannan aiki a cikin tumbinta, idan sun gama kuma sai ta narkar da su su kansu ta ɗebe abin da suka tara.

Furotin kamar duwatsun wuya ne da aka jera a zare, kowane dutse kuma amino asid ne. Iri 20 ne ake jerawa, kuma wajen 10 daga cikinsu ne jikin dabba ba ya iya haɗawa, ko kuma ba ya haɗa abin da zai ishe shi. A cikinsu akwai laisin da metiyonin da histidin, waɗanda za su sake fitowa a wannan fili. Kowane amino asid yana ɗauke da sinadarin naitirojin, har ma an ƙiyasta cewa kashi 16 cikin 100 na nauyin furotin naitirojin ne. Saboda haka tambayarki, idan aka feɗe ta, ita ce: wa ke ɗaukar naitirojin ya ɗora shi a kan ginshiƙin da ya dace har ya zama laisin ko metiyonin?

Cikin dabba mai tuƙa ɗaki huɗu ne. Na farko shi ne tumbi, wanda a jikin babbar saniya yakan ɗauki lita 100 zuwa sama da 150. Na biyu shi ne ƙaramin nan mai zane kamar saƙar zuma, na uku mai ganye-ganye kamar shafukan littafi, na huɗu kuma shi ne ciki na ainihi, mai tsami irin namu. Tumbi ba ya fitar da ruwan narkar da abinci ko ɗigo. Wuri ne mai ɗumi, wajen digiri 39 a ma'aunin Selshiyos, mai danshi, babu iskar oksijin a cikinsa, kuma a kowane mililita ɗaya na ruwansa akwai bakteriya biliyan 10 ko fiye. Tare da su akwai wasu halittu masu ƙwayar rai guda da ake kira furotozowa, akwai kuma wani nau'in naman gwari da ba ya son iska, wanda sai a 1975 Colin Orpin ya tabbatar a Ingila cewa naman gwari ne, bayan an daɗe ana ɗaukarsa furotozowa.

Idan kika tsaya kusa da saniyar da ta kwanta tana tuƙa, ki dubi wuyanta da kyau. Za ki ga dunƙulen abinci ya taso sama, ta tauna shi a hankali na kusan minti guda, ta haɗiye, a yi ɗan shiru, sannan wani ya taso. Ki dubi kwiɓinta na hagu kuma, za ki ga yana tashi yana sauka sau ɗaya ko biyu a minti, tumbin ne ke juya abin da ke cikinsa. Duk wannan hidima domin ƙwayoyin nan ake yin ta: ana farfasa musu ciyawar su sami inda za su kama, ana kuma kwarara musu yawu, wanda a saniya yakan haura lita 100 a rana, domin ya kashe tsamin da aikinsu ke haifarwa.

Su kuwa ƙwayoyin abu biyu suke yi a lokaci guda. Suna farfasa zaren ciyawa da sitaci domin su sami ƙarfi, abin da ya rage daga wannan aiki kuma, wato wasu ƙananan asid masu maiƙo, shi saniya ke tsotsewa ta bangon tumbi ya zama mafi yawan ƙarfin jikinta. Sannan suna kwance furotin ɗin da ke cikin abincin, su tsinka zaren, su farfasa duwatsun da yawa har su koma amoniya, wato wani sassauƙan sinadari mai ɗauke da naitirojin ɗin. A ido wannan ɓarna ce, amma daga wannan amoniyar ce bakteriya ke sake gini tun daga tushe. Yawancinta takan shiga ta ƙofar amino asid biyu, gulutamet da gulutamin, daga nan a riƙa miƙa naitirojin ɗin ga sauran ginshiƙai har a cika iri 20 ɗin cif, haɗe da goman nan da saniya ba ta iyawa. Abin sha'awa shi ne bakteriyar da suka fi gwanintar cin zaren ciyawa sun fi son amoniya a kan amino asid haɗaɗɗe, sai dai ba sa iya haɗa wasu uku daga ciki sai da ɓurɓushin da maƙwabtansu masu cin furotin suka zubar, don haka babu wanda ke rayuwa shi kaɗai a cikin tumbi.

Ruwan tumbi ba ya tsayawa, kullum yana gangarawa gaba ɗauke da ɗimbin ƙwayoyin. Da sun faɗa ciki na huɗu tsami ya kashe su, wani sinadari mai suna laisozayim ya fasa bangon jikinsu, sai ƙaramin hanji ya ƙarasa narkar da su ya tsotse amino asid ɗin zuwa jini. Fiye da rabin amino asid ɗin da dabba mai tuƙa ke samu daga jikin waɗannan ƙwayoyi yake fitowa, a wani abincin ma yakan kai kashi uku cikin huɗu. Ragowar yana zuwa ne daga furotin ɗin abinci da ya tsallake tumbi ba a taɓa shi ba.

Wannan ba hasashe ba ne. Tun a 1891 Nathan Zuntz na Jamus ya yi zaton haka abin yake, amma sai a 1949 aka tabbatar a Jami'ar Cornell ta Amurka, inda Loosli da abokan aikinsa suka ciyar da tumaki da awaki abincin da kusan duk naitirojin ɗinsa daga yuriya ne, sinadarin nan da ake yin takin zamani da shi wanda ba furotin ba ne, suka kuma tarar da amino asid goman nan duka a cikin tumbinsu. Artturi Virtanen na ƙasar Finlan, wanda ya ci kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 1945, ya kai gwajin ƙarshensa: a 1966 ya ba da rahoton shanun da aka ciyar da abincin da babu furotin a cikinsa, sai yuriya da gishirin amoniya, wasunsu kuma suka ba da madara sama da kilo 4,000 a shekara.

Sauran aikin na hantsa ne. Kafin a sami lita ɗaya ta madara sai jini wajen lita 400 zuwa 500 ya ratsa hantsa, ƙwayoyin naman hantsar kanta suna tsintar amino asid ɗin da suke bukata suna jerawa. Kusan kashi 80 cikin 100 na furotin ɗin madarar saniya shi ne kesin, wato farin abin nan da ke dunƙulewa idan madara ta yi tsami; sauran yana cikin tsararon ruwan da ke rabuwa da shi. Saniyar da ke ba da lita 30 a rana tana fitar da furotin kusan kilo guda ke nan kullum. Tsarin jerin kuwa gado ne, yana rubuce a ƙwayoyin halittarta, don haka abinci na iya ƙara yawan kesin ko ya rage shi, amma ba ya sauya yadda aka jera shi.

TAMBAYA: Ina kiwon shanu, kuma na ji ana cewa ana iya ba su takin yuriya ya maye gurbin furotin. Wani abokina ya gwada, ya jiƙa takin a ruwa ya ba saniyarsa da safe kafin ta ci komai, ba a yi awa ɗaya ba ta fara rawar jiki tana dalalar da yawu, cikinta ya kumbura, ta faɗi. Gaskiyar maganar mece ce?

AMSA: Malam, Allah ya mayar wa abokinka da alheri. Maganar da ka ji gaskiya ce, amma rabinta aka faɗa maka, kuma rabin da aka bari shi ya kashe saniyar.

Yuriya ba baƙuwa ba ce a jikin saniya. Amoniyar da ƙwayoyin tumbi ba su yi amfani da ita ba takan ratsa bangon tumbi ta shiga jini, hanta ta kama ta ta mayar da ita yuriya, domin amoniya guba ce, yuriya kuwa ba ta cutarwa a cikin jini. A jikin ɗan Adam daga nan sai ƙoda, sai fitsari. A jikin mai tuƙa kuwa kaso mai yawa yana komawa tumbi ta cikin yawu da ta bangon tumbin, ƙwayoyin su sake fasa shi su gina furotin. Idan abinci ya yi ƙarancin naitirojin, ƙoda takan rage zubarwa a ƙara mayarwa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa dabbobin nan ke jure busasshiyar ciyawar da ba za ta riƙe wata dabbar ba.

Matsalar ta gudu ce. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, ma'ana kilo ɗaya na ɗauke da naitirojin ɗin da ke cikin furotin kusan kilo uku, kuma a cikin tumbi akwai sinadarin da ke mayar da ita amoniya nan take, da saurin da ya fi ƙarfin masu ginin. Su masu ginin ba sa aiki sai da ƙarfi, ƙarfin kuma daga sitaci ko sukari ko zaren ciyawa mai narkewa yake zuwa. Saniyar abokinka cikinta babu komai, yuriyar kuma a narke take, don haka amoniya ta taru a lokaci guda, ta kwarara cikin jini fiye da abin da hanta za ta iya kamawa, ta kai ga ƙwaƙwalwa.

Ƙa'idar da masana abincin dabbobi suka daɗe suna bi ita ce kada yuriya ta wuce kashi 1 cikin 100 na busasshen nauyin abincin gaba ɗaya, kada kuma ta ba da fiye da sulusin naitirojin ɗin da dabbar ke ci. Ana gauraya ta sosai da dusa ko hatsi, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa cikin mako biyu zuwa uku, ba a zuba ta a ruwan sha, ba a ba dabbar da ta kwana da yunwa, ba a kuma ba maraƙin da tumbinsa bai fara aiki ba. Haɗaɗɗen takin zamani mai sinadarai uku ba yuriya ba ne, kada a kusantar da shi ga dabba. Idan tsautsayi ya auku, likitocin dabbobi kan ɗura binega da ruwan sanyi domin su rage shigar amoniya cikin jini, amma lokacin da ake da shi kaɗan ne ƙwarai. A ganina, wanda ba shi da ma'auni mai auna giram, ba shi kuma da jami'in dabbobi da zai tsaya masa a karon farko, barin yuriya ya fi masa alheri, domin ribar da ke cikinta ba ta kai saniya guda ba.

TAMBAYA: Ina sana'ar saƙa da ulu. Wani lokaci nakan ja tufkar ulu tsakanin yatsuna sai ta tsinke a tsakiya, kuma duk zaren a wuri guda suke tsinkewa, kamar an ja layi. An ce mini daga abincin tunkiyar ne. Yaya abinci zai bar alama a gashi?

AMSA: Hajiya, wanda ya gaya miki ya san abin da yake faɗa. Ulu furotin ne kusan tsantsa, sunansa keratin, irin wanda ke cikin ƙaho da kofato da gashin tumakin ƙasashe masu zafi da ba su da ulu. Yana tsirowa daga tushe a ƙarƙashin fata, abin da ya fito kuma ya fito ke nan, ba ya gyaruwa. Idan tunkiya ta yi makonni cikin yunwa ko zazzaɓi, zaren da ya tsiro a kwanakin sai ya sirance a duk jikinta lokaci guda, idan ta murmure ya koma kaurinsa. Layin da kike gani shi ne waɗannan makonnin. Ƙarshen goyon ciki da farkon shayarwa ma sukan bar irin wannan alama, domin a lokacin ɗan tayi da hantsa ne ke gaba wajen rabon amino asid, fata kuwa sai abin da ya rage.

Ulu ya fi madara wuyar sha'ani ta fuska ɗaya. Furotin ɗin ƙwayoyin tumbi ya yi kusa da na madara a tsarinsa, don haka hantsa ba ta yin asara mai yawa. Keratin kuwa yana cin wani amino asid mai suna sistin fiye da kima: sama da kashi 10 cikin 100 na ulu sistin ne, alhali a jikin ƙwayoyin tumbi bai wuce kashi 2 ba. Sistin na ɗauke da farar wuta, kuma ita ce ke ƙulla zare da zare a cikin gashin kamar tsani, ta ba shi ƙarfi da nannaɗewa. Kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyin ulu farar wuta ce, kuma warin nan da kike ji idan zaren ulu ya taɓa wuta, ita ce. Jikin tunkiya yana iya samar da sistin daga metiyonin, amma metiyonin ɗin ma ba shi da yawa, ga shi kuma sauran sassan jiki na nemansa.

A Ostareliya, inda ulun tumakin Merino ya daɗe yana cikin manyan kayan da ƙasar ke fitarwa, an bi wannan magana da gaske. A 1963 masu bincike biyu, Reis da Schinckel, sun nuna cewa idan aka zuba 'yan giram kaɗan na sistin ko metiyonin kai tsaye cikin ciki na huɗu, aka tsallake tumbi, tsirowar ulu na ƙaruwa ƙwarai, farar wutar cikinsa ma ta ƙaru. Idan ta baki aka bayar kuwa, ƙwayoyin tumbi sukan farfasa mafi yawansa kafin ya kai inda ake so. Daga nan aka shiga neman yadda za a yi wa furotin sulke, kuma a 1967 Ferguson da abokan aikinsa suka nuna cewa kesin ɗin da aka taɓa da sinadarin fomalin yana tsallake tumbi lafiya, tsamin ciki na huɗu ya kwance shi. A Niyuzilan kuma an ga cewa wasu ciyayi dangin wake masu ɗan bauri suna yin irin wannan aiki da kansu, domin sinadarin baurin yana riƙe furotin a tumbi ya sake shi a gaba, amma idan baurin ya yi yawa sai ya hana dabbar ci ya kuma rage narkewar abinci.

Abu biyu kuma ya kamata mai tumakin ya sani. Ƙwayoyin tumbi ba za su haɗa sistin da metiyonin ba sai da farar wuta a abincin, kuma ga tumaki akan nemi kashi ɗaya nata ga kowane kashi 10 na naitirojin, wanda ke nufin mai ba da yuriya dole ya haɗa da ita. Sannan ƙulla tsanin nan yana bukatar ɗan sinadarin jan ƙarfe. Idan babu shi ulu yakan miƙe ya rasa nannaɗewarsa, baƙar tunkiya ma ta fitar da ratsin fari. Sai dai tumaki ba sa jure jan ƙarfe mai yawa, don haka gishirin lasa da aka haɗa domin shanu yana iya yi musu illa.

TAMBAYA: Doki da jaki ma ciyawa suke ci. Su ma haka suke yi?

AMSA: A'a, Malam. Su ma suna da ƙwayoyin da ke narkar musu da ciyawa, amma a babban hanji suke zaune, wato bayan an wuce ƙaramin hanji inda ake tsotse amino asid. Saboda haka doki yana cin moriyar ƙarfin da ƙwayoyin suka samar, furotin ɗin jikinsu kuwa mafi yawansa yana fita a kashi, shi ya sa ingancin furotin ɗin abincinsa ya fi damunsa fiye da yadda ya dami saniya. Zomo ya sami mafita ta hanyar sake cin wani kashinsa mai laushi. Jaririn maraƙi ma kamar doki yake ta wannan fuska: idan yana tsotso, wata kwata a cikinsa takan naɗe ta kai madarar kai tsaye ciki na huɗu, sai ya fara tsintar ciyawa da dusa ne tumbinsa ke buɗewa cikin watannin farko.

TAMBAYA: Idan ƙwayoyin tumbi ne ke haɗa komai, ashe sayen abinci mai furotin mai tsada asarar kuɗi ce ke nan?

AMSA: Ya danganta da saniyar, Alhaji. Tumbi yakan ɗaga abinci maras kyau ya kuma sauke mai kyau, duk ya mayar da su kusan abu guda, wato furotin ɗin ƙwayoyi. Ga saniyar da ba a tatsa, ko mai madara kaɗan, wannan ya isa muddin ƙwayoyin na samun naitirojin da ƙarfi daidai da juna, kuma duk furotin ɗin da aka ƙara a kan haka amoniya zai zama ya fita a fitsari. Ko a garken da ake kula da shi sosai, wajen rubu'i zuwa sulusin naitirojin ɗin da saniya ta ci ne kawai ke bayyana a madara.

Saniya mai lita 30 ko 40 kuwa ta fi ƙarfin tumbinta, domin yawan ƙwayoyin da za su iya tsirowa a rana yana da iyaka, iyakar kuma ita ce yawan abincin da ke narkewa. Ita ce ke bukatar furotin mai tsallake tumbi, irin tunkuzar waken soya ko ta angurya da aka ɗan gasa, tare da lura cewa idan gasawar ta wuce kima laisin ɗin ciki yakan lalace har hanji ma ya kasa tsotsarsa. Amino asid ɗin da suka fi saurin ƙarewa irin wannan saniya su ne laisin da metiyonin, waɗanda masu haɗa abinci ke ƙoƙarin isar da su hanji a kan kashi uku na farko ga kashi ɗaya na biyun, sai histidin ga shanun da suka dogara da ciyawar da aka adana da ɗanyenta. Yanzu ana sayar da laisin da metiyonin a lulluɓe da maiƙo ko wani rufi da ba ya narkewa sai a tsami, kuma giram kaɗan ake zubawa a rana. Kafin ka kai ga wannan, ka sa a auna yuriyar da ke cikin madarar garkenka idan akwai inda ake yi: idan ta yi sama, furotin ɗin da kake bayarwa ya fi ƙarfin da ke tare da shi, kuma hatsi ko ciyawa mai kyau ya kamata ka ƙara, ba tunkuza ba.